Daga Kafanchan zuwa Kaduna a kan Babur ɗin da Baba ya Ɗaure

Ladi da Maryamu, tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In mun haɗu a bakin coci tambaya, in mun haɗu a kasuwa tambaya, har matar mai wa'azi ta tsare ni tana cewa wai da gaske ne na kwana a ruga. Kun san bakina bai iya labari ba, in na fara sai wani tsuntsu ya gifta in bi shi da ido in manta inda na tsaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, ku karanta, ku miƙa wa mai son ji.

Ga wanda bai san mafarin ba, ni malamar firamare ce a Kafanchan. Matan unguwarmu da 'ya'yansu ko mazansu ke aikin soja, wurina suke kawo wasiƙa in karanta musu. Na karanta wa tsohuwa labarin an yanke wa ɗanta ƙafa. Na karanta wa amarya maganar da miji ya rubuta domin kunnenta ita kaɗai, ni ina jin kunya, ita tana kallon ƙasa. Duk ranar da na yi haka sai in ji kamar na shiga ɗakin mutum ba sallama. Da na ji ofishin ilimin manya a Kaduna yana neman wanda zai riƙa zagaya ƙauyuka yana buɗe ajin karatu na mata, ban yi shawara da kowa ba na rubuta. Amsar ta zo gajeriya: in zo ran Litinin da ƙarfe goma na safe, da abin hawana, in nuna na iya tuƙa shi. In ban zo ba, a ba wanda ke bi mini.

Hawa na iya, don na koya a kan ƙaramin babur ɗin mai wa'azinmu. Abin hawan ne babu. Sai yayana Yakubu ya aiko daga Jos cewa wani Bature mai aikin kuza zai koma gida, yana sayar da nasa. Na haɗa abin da na tara da abin da Mama ta samu a cittarta, aka ɗoro shi a jirgin ƙasa.

Ranar da aka sauke shi a tasha na tsaya ina kallonsa. Shuɗi ne, dogo, inji biyu a jere, da gilashi a gaba mai tare iska, da akwati ɗaya a kowane gefe. An yi shi ne domin doguwar tafiya da gudu. Da na hau, yatsun ƙafata kaɗai ke taɓa ƙasa. Yakubu ya ce Baturen ƙato ne, in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya.

Babanmu, kun san shi, shekara talatin yana gyaran jirgin ƙasa. Da aka tayar da babur ɗin a tsakar gida ya karkata kunne, ya ɓata fuska.

"Kina jin wannan ƙas-ƙas ɗin?"

"Baba, Baturen ya ce lafiyarsa lau."

"Bature ya ce! A wurin aikinmu in ƙarfe ya yi magana, wani zai mutu. Ba zan ɗora 'yata a kan abin da ke surutu ba."

Yamma uku ya yi a kansa bayan ya tashi aiki. Kowane noti sai ya ɗaure shi, ya ƙwanƙwasa da 'yar gudumarsa ya ji ya amsa. Sarƙar da ke juya tayar baya ya ja ta sai da ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Tayoyi ya ɗura musu iska har guduma na tsalle a kansu. Daga ƙarshe ya buɗe murafen kan inji, ya bi wasu ƙananan kusoshi yana matsewa har ƙas-ƙas ɗin ya yi tsit. Na zagaya filin ƙwallo sau biyu, babur na tafiya shiru kamar kyanwa. Baba ya goge hannu ya ce, "Yanzu ya zama abin hawa." Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba.

Na tashi ran Asabar da safe, a farkon damina. Na sa wandon Yakubu a ƙarƙashin zane, hular kwanon Bature kuwa sai da na cusa ɗankwali biyu a ciki kafin ta zauna. Baba ya yi addu'a mai tsawo, Mama ta sa mini gyaɗa da dafaffen ƙwai a akwatin hagu. Na zaɓi hanyar Fadan Kagoma don in gaida Goggo Tabita, ƙanwar Baba, daga can in bi Kwoi in faɗa Kachia, in kwana Kaduna. Lissafina ke nan, har da kwana ɗaya na hutu.

Na yi niyyar in riƙa tsara waƙa a zuci a kan hanya, saboda ciyawa ta fara fitowa kuma duwatsu sun wanku. Ko baiti ɗaya ban samu ba. Kowane ɗan tsakuwa sai babur ya cilla ni sama, haƙorana na karo da juna, sarƙa kuma tana wani nishi a baya. Ban yi nisa ba na ji ƙarfinsa na raguwa. Na murɗa totur, ya yi tari, ya mutu. Na taka kik har cinyata ta yi tsami, ko uffan. Na zauna a gindin ɗorawa na yi addu'a, na ci ƙwai ɗaya, na koma na taka, ya tashi nan take. Na ɗauka addu'ata ce. Sai da ya yi mini haka sau uku na lura ko na yi addu'a ko ban yi ba, in ya huce yakan tashi, in ya ɗau zafi yakan mutu.

Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, sai da rana ta take na isa Fadan Kagoma. Na tarar da Goggo a gona da matan gidanta suna lulluɓe kunyar citta da ganye. Ta ga mutum da hular kwano ya nufo ta, ta ɗaga fartanya. Da na cire hular ta yar da fartanyar ta kama baki.

"Rifkatu! Wane ne ya mutu?"

"Ba kowa, Goggo. Kaduna za ni neman aiki."

"A kan wannan? Jirgi ya ƙare ne a garinku?"

Ta zaunar da ni ta dama faten acca, ta tsaya a kaina tana ƙirga cokali. In na ajiye ta ce ban ci ba, in na ci ta ce na rame. Na gaya mata halin babur ɗin, ta ce in bar shi a ɗakin awaki in koma gida a mota, ai aji ukun da nake koyarwa ma aiki ne. Na ce takardar ta ce da abin hawa, kuma da shi zan je. Ta dube ni ta ce, "Taurin kan ubanki." Da ta ga ba zan juya ba, ta shiga bayan ɗaki ta kamo kaza, ta ɗaure mata ƙafa.

"Ba a zuwa wurin babban mutum hannu biyu na lilo. Ki ba shi."

"Goggo, ofis ne fa."

"Mutanen ofis ba su cin nama?"

Haka kaza ta shiga akwatin dama, aka tokare murfin da kara don ta sha iska. Daga nan duk inda babur ya mutu, ita ke fara magana.

Bayan Kwoi abin ya tsananta. Da fari nakan yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya mutu, yanzu ko zufa ban share ba ya tsaya. Motocin itace biyu sun wuce ni, ɗaya direban ya ce in kawo a ɗora babur ɗin ya mai da ni Kafanchan. Na gode masa na ce gaba na nufa. Wajen la'asar aka yi ruwa, hanya ta zama jan taɓo. A wani gangare taya ta zame, na kai ƙafa ban samu ƙasa ba, muka kwanta ni da shi da kaza. Ban ji ciwo ba, amma ɗaga shi ya gagare ni. Na ja ta kai, na tura ta baya, na sa kafaɗa, ko motsi. Na zauna a kan akwatin ina kallon taɓon hannuna. A nan ne kaɗai a duk tafiyar na yi kuka, shi ma ba mai yawa ba.

Wasu Fulani mata huɗu ne suka same ni, sun dawo daga tallar nono. Suka tsaya nesa suna shawara da Fillanci, sannan babbarsu, wadda sauran ke kira Dada, ta matso.

"Namiji ko mace?"

"Mace ce, Inna."

Ta sauke ƙwaryarta. Mu biyar muka ɗaga shi, muka tura har rugarsu da ke bayan wani kurmi. Hausarsu ta kasuwa ce, tawa ta makaranta, amma mun fahimci juna.

Abin da ya ba ni mamaki a ruga shi ne cin abinci. An shimfiɗa mini tabarma a ƙofar bukka, aka ajiye fura da kindirmo, sai kowa ya juya mini baya ya kama wani aiki. Na zauna ina jiran a ce in ci, ba wanda ya ce. Na ɗauka na yi wani laifi, ko wandon ne ya ɓata musu rai. A gidanmu baƙo ba ya cin loma sai da idanu shida a kansa, ga Goggo da rana ta nuna. Daga baya na gane su a wurinsu kallon mai ci ne rashin ladabi. Maigidan ma da ya dawo da shanu ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da hanya da gajiya da ruwan sama, duk yana kallon wata bishiya. Na tambayi Dada sunan ɗanta na fari, matan suka rufe baki suna dariya, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Na kwana a gadon kara, ina jin numfashin shanu ta bayan bukka, kaza kuma a ƙarƙashin kwando.

Da safe na tayar da babur na nuna wa Dada yadda yake yi. Ta saurara, ta kai tafin hannu kusa da injin yadda ake taɓa wuyan maraƙi.

"Zazzaɓi ne," in ji ta. "Ki kai shi wurin Kofur a Kachia, bayan tasha, gindin mangwaro. Shi ke duba na malamin dabbobi."

Lahadi ce, kuma ban taɓa rasa sujada ba tun ina yarinya. Na yi tawa a bakin hanya, a zaman jiran inji ya huce, kuma zaman ya yi yawa har na ƙare duk waƙoƙin da na haddace. In ya tashi in hau, in ya mutu in tura in akwai gangare, in babu in zauna. Da haka na shiga Kachia rana tsaka.

Na sami mangwaron, na sami rumfa a rufe. Wata mata mai fara'a, Mama Asabe, ta ce mijinta ne Kofur, yanzu za su taso daga taron dattawan coci. Sai ga shi, gajere, da kwat da takalmi mai sheƙi, yana ɗingishi kaɗan. A soja aikinsa kai saƙo a kan babur, har ya bar aiki. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da ƙarfe goman gobe.

Ya zagaya babur ɗin hannunsa a baya. Ya taɓa sarƙa da tsinin takalmi. Ya ce in tayar, ya saurara, ya ce in kashe.

"Daga Kafanchan?"

"I, Baba."

"Babanki reluwe ne."

Na ce yaya aka yi ya sani. Ya yi dariya har ya riƙe cikinsa. "Duk babur da ya fito garinku haka yake zuwa mini, a ɗaure kamar ɓarawo. Mutanen kirki ne, amma ba su yarda ƙarfe ya yi numfashi ba." Sannan ya gyara kwat ɗinsa ya ce, "Sai dai ni ba na aiki ran Lahadi. Ki bari gobe."

"Gobe da goma nake Kaduna, Baba."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Mama Asabe ta harare shi ta ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah, yarinya ta kwana a daji." Ya sosa ƙeya, ya dubi mangwaro, ya dubi hannuwana.

"Ni ba na aiki," ya ce. "Amma ke matafiyiya ce, naki daban. Ke za ki yi, ni in zauna in yi magana. Magana ba aiki ba ce."

Na ce ban taɓa riƙe sifana ba. Ya ce ai da alli ma ba a haife ni ba. Na miƙe zan fara, ya ce in zauna. Wai ba a taɓa cikin inji sai ya yi sanyi kamar ruwan randa, in an auna shi da zafi ƙarya zai faɗa. Zaman nan ya fi turin babur wuya. Ina kallon inuwa tana tafiya, kowane ɗan lokaci in je in taɓa injin, shi kuma ya ce, "Da saura." Mama Asabe ta ba ni tuwon dawa da miyar karkashi, ban san na cinye ba.

Sai bayan la'asar ya yarda. Ya jawo benci ya zauna, ya harɗe hannu a ƙirji don kada su yi masa gardama, da haɓa yake nuni. Ya sa na ɗaga sirdi, na tarar da kayan aikin Bature a naɗe cikin tsumma. Na buɗe murafen da Baba ya buɗe. Ya ce kusoshin nan su ake kira tafet, su ke danna ƙofofin da inji ke shaƙa da fitar da hayaƙi. Dole a bar 'yar rata a tsakani, domin ƙarfe in ya ji zafi yana ƙara tsawo. In babu ratar, ƙofa ba ta rufuwa, ƙarfin inji ya tsiyaye.

"Ƙas-ƙas ɗin da babanki ya kashe, ratar ce ke magana. Kuma ya fi ni sanin wannan. Layin dogo a manne yake?"

A bakin layin nan na girma. Na san tsakanin kowane ƙarfe da na gabansa akwai 'yar tsaga, mun sha cusa tsinke a ciki muna yara, kuma ita ce ke ba jirgi kiɗan da ke sa ni barci. Ban taɓa tambayar dalilinta ba. Ladi, in kin iso wannan layin kar ki karanta a gaban Baba. Da na dawo ya ji ƙas-ƙas ya ɗauko sifana, na ce masa wani soja ne ya ce a bar shi haka, ya ajiye yana gunaguni. Sauran bayanin ina neman ranar da zan yi masa shi a hankali.

Abin awo Kofur ya ce a kawo reza sabuwa. Na sassauta noti, na juya kusa da sukundireba, na zura rezar a tsakani.

"Yaya kika ji?"

"Ta ƙi shiga."

"Saki kaɗan. Kaɗan na ce, Malama, ba buɗe ƙofar aji ba ne. Yanzu fa?"

"Tana yawo."

"Kin wuce. Koma. So nake ta shiga tana ja, kamar wuƙa cikin sabulu."

Ta farko sai da na yi sau bakwai, don duk lokacin da na ɗaure noti sai kusar ta bi shi ta juya. Na yanke yatsa, Mama Asabe ta ɗaure mini da tsumma. Sau biyu na ga hannun Kofur ya kwance daga ƙirjinsa ya miƙo, matarsa ta ce, "Lahadi!" ya mayar. Ta huɗu kuwa sau ɗaya na yi, na ji rezar ta ja daidai, tun kafin ya tambaya na ce, "Ta yi." Ya gyaɗa kai.

Sannan muka koma kan abin da ya kira saita babur da mai shi. Ya ce har yanzu babur ɗin yana zaton Bature ne a kansa. Shokozoba biyun baya, wato sandunan da ke shanye gargada, suna da matakai biyar, kuma suna kan na ƙarshe saboda nauyin ƙato. A cikin tsumman akwai wata sifana mai baki kamar ƙugiya, da ita na sauko da su mataki na ɗaya. Na rage iskar taya. Na sassauta hannun birki da na kuloci na sunkuyar da su inda yatsuna ke kaiwa. Sarƙa kuwa ya ce ba a auna ta babur na tsaye shi kaɗai, sai mai shi na zaune. Na saki notin tayar baya, na hau, Mama Asabe ta tsuguna ta ɗaga sarƙar da yatsa tana faɗa mini, wai ita ma taɓawa ba aiki ba ce, har muka samu lilon yatsa biyu. Sirdi aka kai wa wani baduku Bahaushe a kasuwa, ya fere soson ciki ya mayar da fatar. Da na sake hawa tafin ƙafata ya zauna a ƙasa, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Na taka kik. Ya tashi, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, a hankali kamar agogo.

"Je ki gadar bakin gari ki dawo, sau uku, da gudu," in ji Kofur. "Ki dawo mini da shi da zafi."

Na je na dawo. Ya ce in kashe. Na kashe. Ya ce in tayar. Taku ɗaya ya kama. Mama Asabe ta rangaɗa guɗa har mutanen tasha suka leƙo.

"Ki ji da kyau," ya ce. "Yanzu naki ne, ke kaɗai. Ranar da za ki ɗauki mutum ko buhu, ki ƙara mataki, ki duba sarƙa da nauyin a kai. In kin yi ƙyuya, zai tuna miki a tsakiyar hanya."

Na yi maganar ladansa ya ce ladan me, shi da bai yi aiki ba. Sai na ciro kazar Goggo na miƙa wa Mama Asabe. A ɗakinta na kwana.

Ran Litinin gari na wayewa na kama hanya. Abin da na ji a safiyar nan ban san yadda zan faɗa muku ba. Gargadar da ta kwana biyu tana dukana, yanzu a ƙarƙashina take wucewa. In na karkata ya karkata, in na murɗa ya amsa. Hazo na tashi daga fadamu, mata na fita gona da fartanya a kafaɗa, nakan ɗaga musu hannu su tsaya su bi ni da kallo. Sai a lokacin baitocin da na nema ran Asabar suka zo, har sun yi yawa, ban riƙe ko ɗaya ba.

Kafin Sabon Tasha akwai shinge. Mai duba takardu ya karɓi nawa, ya duba, ya ce, "Ina mai babur ɗin?" Na cire hula, ɗankwali biyu suka faɗo. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka tambaye ni ko mijina ya sani. Na ce in na samu zan gaya masa. Suka yi dariya suka ɗaga sanda. A Sabon Tasha na wanke fuska a wurin wata mai ƙosai, na gyara zane, amma baƙin mai ya ƙi fita daga farcena.

Goma saura kwata na shiga harabar ofishin. Akwai wani malami zaune a kan ɗan ƙaramin babur, da takardunsa a hannu, shi ne wanda ke bi mini. Mun gaisa, ya dubi taɓon jikina, ya dubi agogonsa. Da goma ta cika babban jami'in ya fito, mutum mai jiki sosai, da babbar riga, ma'aikata na biye da shi.

"Ke ce ta Kafanchan? Wa ya kawo miki shi?"

"Ni na kawo shi, ranka ya daɗe."

"Za mu gani. A ƙauye wata rana za ki ɗauki malama, wata rana buhun littattafai. Ki ɗauke ni mu zagaya bayan ofis, ta wurin ramukan can."

Ya tattare riga zai hau. Na san in na tsayar da shi zai iya ɗauka tsoro nake ji, ko raini, ga wani a shirye yana jira. Na kuma san nauyinsa ya yi biyuna, babur kuwa a kan mataki na ɗaya yake.

"Ranka ya daɗe, a ɗan dakata mini."

Na ɗaga sirdi na ciro sifana mai ƙugiya. Na tsuguna na hau da shokozoba mataki uku, dama da hagu. Wani daga cikin ma'aikatan ya ce, "Tun ba a fara ba ya lalace," aka yi dariya.

"Yanzu a hau, ranka ya daɗe, a zauna sosai. A saki jiki."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba, amma ya hau. Na kai yatsa na ɗaga sarƙa, na ji ta yi tauri. Na roƙe shi ya sauka, na ƙara mataki na ƙarshe, na ɗan saki tayar baya, na ce ya sake hawa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Yatsa biyu cif. Na ɗaure noti, na goge hannu a zane, na hau gabansa na taka.

Mun bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, mun zagaya bishiyar darbejiya, mun haura wani tudun yashi, babur bai dungura ƙasa ko sau ɗaya ba. Da farko ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, a zagaye na biyu na ji ya saki yana gyara hula. Na tsaya daidai inda muka tashi, na kafa ƙafa biyu a ƙasa.

Ya sauka ya karkaɗe riga. Ya ce wa ma'aikatansa, "Na hau bayan masu neman aikin nan da yawa. Yau ne aka fara auna ni." Ya sa aka kawo takarda, ya ɗora ta a kan tankin babur ɗin ya sa hannu. Malamin nan ya zo ya yi mini barka, na ji nauyinsa, amma ban iya cewa na yi baƙin ciki ba.

"Ƙasar Kagarko za ki riƙe," in ji jami'in. "Matan can sun daɗe suna aiko mana. Ki koma gida ki huta, ki wanke wannan taɓon. Yaushe za ki iya farawa?"

"Ranka ya daɗe, daga nan zuwa Kagarko tafiyar awa nawa ce?"

Ya dubi agogo, ya dubi babur ɗin, sannan ya lura ban kashe injin ba.

"A wannan," ya ce, "kya kai kafin azahar."

Na cusa ɗankwalina biyu a cikin hula, na ce a nuna mini hanya.